Ba Layata ce ta Kayar da Rokar ba

Shekarun baya, saura damina ɗaya cutar nan da ta sa aka rufe masallatai da kasuwanni ta iso, wannan abu ya same ni. A shekarar ne rijiyar unguwarmu ta rufta, a cikinta kuma jar saniyata ta haifi tagwaye, ɗaya ya rayu. Maigidana yana da damina uku a ƙasa. Lissafin shekarun Bature ban san shi ba, rubutu ma ban iya ba. Matar ƙaramin ɗana ce take danna muku wannan a waya, na kuma gaya mata in ta gyara min magana zan gane, don sai an karanta min kafin a saki.

Ina da jika, 'yar babban ɗana. Ni na yaye ta, a ɗakina ta tashi a Gammo har ta gama firamare, sannan ubanta ya ɗauke ta ya kai ta birni. Ta yi ta karatu har ta shiga jami'a, wai injiniya. A shekararta ta ƙarshe ne, ana tsakiyar bazara, an gama sharar gonaki ana jiran ruwa, sai ga farar bas a ƙofar gidana. Ta fito, abokan karatunta biyar suka fito, sai malaminsu, wani dogo mai tabarau da suke kira Dakta. Yaran duk suka durƙusa suka gaishe ni. Shi kuwa a tsaye ya gaishe ni, hannu ɗaya a aljihu. Na amsa, amma na ajiye abin a raina.

Saurata suke so, gonar da na bari ba noma, wadda take bayan gari ta wajen hanyar Gwarzo, don ba gida kusa da ita, ba kuma itace sai kuka ɗaya. Na ce me za ku shuka? Suka yi dariya, suka buɗe bayan motar. Mutum huɗu suka sauko da wani abu gida biyu, in an haɗa shi ya fi mutum tsawo, kamar taɓarya ta yi ƙiba aka fiƙe mata kai.

Na ce, "Wannan bututun kika kwashe shekara biyar kina karantawa?"

Ta ce, "Inna, roka ce. Sama za ta."

"Wa ta sani a can?"

Da yamma muna tankaɗe ta yi min bayani. Ta ce 'yan ajin bara sun harba irinta, ta ɗauki wani ɗan akwati ta kai shi sama. Su kuma bana an ce tasu sai ta ɗauki akwatin da ya ninka wancan nauyi, da abin ɗaukar hoto a ciki, ta kai shi inda waccan ta kai, ya sauko da lema. In ta kai, sun ci. Kowa da aikinsa a cikinsu, ita an ba ta nauyi: ita ke riƙe da sikeli, ko ƙusa ba a ɗaurawa sai ta auna.

Na ce to ku ƙara mata mai mana.

Ta ce, "Nan ne wahalar take, Inna. Man ma nauyi ne. In kin ƙara mai sai kin ƙara tankin da zai zauna, tankin ma nauyi ne, shi ma sai an ƙara man da zai ɗaga shi. Manyan da ƙasashe suke harbawa sun fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, amma kusan duk cikinsu mai ne. Kayan da ake son kaiwa ɗan kaɗan ne a can kan hanci. Masu ilimin duniya kullum a kan wannan suke fama."

Na ajiye rariya na ce, "Wannan ai takarkari ne."

Ina yarinya da shanu muke tashi. In za a ratsa dajin da ba ruwa, takarkarin da zai ɗauki kayan gida shi zai ɗauki ruwan da zai sha da dusar da zai ci. Ka ƙara masa kaya ya ƙara gajiya, ya ƙara ci, ka ƙara masa dusa, dusar ma kaya ce. Babana in gora ta ƙare ba ya barin ta a bayan takarkari, rataye ta yake a itace, in an dawo a ɗauka. Kuma kafin a tashi sai ya sa hannu ƙarƙashin taikin dama ya ɗaga, ya zaga ya ɗaga na hagu. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko da ludayi ne, sai an kwance. Ya ce takarkarin da kayansa suka karkata ba ya bin hanya, kayan yake bi.

Yarinyar nan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce abin da ya sa suka yi ta gida biyu ke nan: in man gidan ƙasa ya ƙare sai ya ɓalle ya faɗo, na sama ya kunna ya ci gaba ba tare da jan wofi ba. Ta kira abokanta ta ce su zo su ji, kakarta ta san aikin tun kafin a haifi Dakta. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Wataƙila kumburin nan ne ya kai ni inda ya kai ni.

Kwana uku suna aiki a gindin kukar, ina kai musu fura ina kallo. Ban taɓa ganin rowa irin ta jikar nan tawa ba. Fentin jikin abin ta sa aka kankare. Wutsiyar kowace ƙusa da ta leƙo, ta sa an datse. Wani abokinta ya so ya manna 'yar tuta, ta ce ya manna a goshinsa. Na ce to ku fere ƙarfen gaba ɗaya ku huta, ta ce sun taɓa gwadawa a makaranta, da aka matsa ta sai ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Wato in ka bar ƙarfe ta ƙi tashi, in ka rage ta karye, sai ka samo tsakiyar. Rana ta uku da safe ta yi awon ƙarshe, ta ɗaure akwatin da hannunta, ta ce, "Inna, mun samu. Har da rarar nauyin ƙwai biyu na bari, saboda tsaro."

Ƙwai biyu. Na riƙe wannan.

A gidanmu ba a tafiya haka nan. Ɗana da zai tafi aikin soja da laya ya tafi. Ita kanta jikar ran da za ta jami'a na ɗinka mata ɗaya a cikin jaka, ba ta ma sani ba sai yanzu in ta karanta. To ga abu zai je inda ba wanda ya taɓa zuwa a zuriyarmu, karatun yarinya na shekara biyar yana rataye a wuyansa, a ce ya tafi tsirara? Na je wurin malamin unguwarmu ya rubuta min, baduku ya ɗinke ta ƙarama. Kuma kada ku ce na yi a makance. Na ɗora ta a hannun dama, na ɗora ƙwan zabuwa a hagu, ƙwan ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Na ce ko rabin rarar ban ci ba.

Ranar harbin gari ya cika. Akwai wani Alhaji ɗan siyasa na yankinmu, shi ya saya wa yaran wasu kayan aikin. Ya zo da motoci, aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Mutane daga Kabo, daga Lakwaya, har masu tallan rake. Da aka kira azahar yaran suka tafi salla da cin abinci, aka bar rokar kwance a kan katako cikin wata 'yar rumfa. Na lallaɓa na shiga. Akwatin a ɗaure da ƙusoshi huɗu, ni kuma ba abin kwancewa. Ina ta neman kafar da zan cusa layar da tsinke, sai na ji tari a bayana.

Dakta ne, tare da mai riƙe wa Alhajin jaka, wani ƙato mai tumbi.

"Inna, me ake yi?"

Na buɗe hannu na nuna masa. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa, ya ce, "Ai addu'a ba ta yawa. Kawo, ni zan sa miki da kaina." Ya karɓi wani abu naɗe a tawul daga hannun ƙaton, ya waiga bai ga inda zai ajiye ba, sai ya miƙo min. "Riƙe min wannan in kwance."

Hannuna ya yi ƙasa. Na buɗe tawul ɗin. Wani allo ne na jan ƙarfe, faɗinsa tafin hannu biyu, kaurinsa ya kai yatsa, da rubutu a jiki da fuskar Alhajin har da hularsa.

Na ce, "Dakta, wannan ma da shi za ta tafi?"

Ƙaton ya ce Alhaji yana so ya rataye shi a falonsa, duk baƙon da ya shigo a ce masa wannan ya je sama ya dawo.

Na ce, "Amma fa ya fi ƙwai biyu."

Suka dubi juna suka fashe da dariya. Dakta ya ce, "Inna, wannan ba awon daddawa ba ne. Mun yi lissafi, ba za ki gane ba." Ya karɓe, ya jingina allon a gefe ɗaya na akwatin, ya jefa layata, ya mayar da ƙusoshin.

Ga laifina na gaskiya, kuma shi kaɗai na yarda da shi. Na ce a raina mutum mai tabarau, wanda ya koyar da ita kanta jikar, ya fi ni sanin aikinsa. Kuma in na faɗa mata allon, sai na faɗa mata layar. Sai na ja bakina na koma kujerata.

Bayan la'asar aka tsayar da ita a jikin wani dogon ƙarfe, aka kore kowa nesa. Suka fara ƙirga daga goma suna komawa baya, abin da ko a ƙidayar shanu ban taɓa ji ba. Sai ƙara. Awakin unguwa suka tsinke igiya, wata mai tallan gyaɗa ta kifar da farantinta. Wuta ta fito, hayaƙi ya turnuƙe, abin ya tashi. Amma yadda ya tashi! Kamar ni in zan miƙe daga tabarma. Jikata ta ce min ido ba zai iya bin ta ba, ga shi ina bin ta da ido a natse. Tana barin ƙarfen ta sunkuyar da kai gefe ɗaya, iska ta ƙara tura ta. Na san wannan tafiyar, tafiyar takarkarin da kayansa suka karkata ce. Gidan ƙasa ya ɓalle yadda aka tsara, na sama ya kunna, amma a kwance. Ta ratsa saman gonaki kamar an jefi mashi, ta je ta soke kai a yashin busasshen rafi. Tana can a soke sannan lemar ta buɗe, ta rufe ta kamar gawa.

Yaran suka ruga da ƙafa. Ƙaton nan kuwa, da tumbinsa da komai, ya haye bayan wani mai babur ya riga kowa isa. Kafin su kai, ya juyo ta wata hanyar ya shige motar ubangidansa. Ni na gani, don shi nake kallo. Aka kinkimo tarkacen aka zube a gaban rumfa. Akwatin ya tsage, abin hoton ya farfashe, ba allo, ba alamarsa. Dakta ya sa hannu ya lalube, ya ɗago layata da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, ga abin da muke fama da shi a ƙasar nan. Mun zo da ilimi, an sa mana laya. Wadda aka ba amanar nauyi ta bar kakarta ta yi wasa da aikin shekara guda."

Filin nan ya ɗauki dariya. Har da waɗanda na yi wa wankan jego da hannuna. Har da waɗanda layu ke rataye a ƙugunsu a lokacin, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Na miƙe na ce, "Layar tawa ce, ban musa ba. Kai ka sa ta da hannunka. Ina allon?"

"Wane allo, Inna?"

"Allon jan ƙarfe mai fuskar Alhaji, wanda ka ba ni na riƙe maka!"

Ya dubi jama'a ya girgiza kai, irin na tausayi. Ni ba lasifika a hannuna, shi yana da ita. Wani daga cikin mutanen Alhajin ya ce rana ce ta bugi tsohuwa, a ba ta ruwa. Alhajin ya kaɗe rigarsa ya shiga mota. Duk wannan bai ƙona ni ba kamar da jikata ta matso, fuskarta duk toka, ta ce a hankali, "Inna, don girman Allah ki yi shiru. Abin da kika yi ya isa." Ta hau bas ba ta yi min sallama ba.

Kwana biyu sai labari ya zo: Dakta ya rubuta wa makaranta cewa sakacinta ne, sauran biyar su wuce, ita ta maimaita shekara. Wani ya ɗauki abin a waya, ya zaga ko'ina. Na je kasuwar Gwarzo, tun daga bakin 'yan tumatir ake "Ga mai roka nan! Inna, a rubuto mana ta jirgin sama!" Kasuwar da na shekara arba'in ina sayar da man shanu, ba wanda ya taɓa dawo min da kaya. Ɗana, uban yarinyar, ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana murza hula yana cewa, "Inna, da dai kin bari." Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Abinci ya ƙi shiga. Ba kunya ce ta hana ni ci ba, haushi ne. A ce mutum ya mai da ni abin ajiye kaya, ya gama ya mai da ni abin share hannu?

Da na ji manyan makarantar za su zauna a kan maganar, na ce wa ɗan nan nawa ya zo ya kai ni. Ya ce ba a shiga wurin haka nan. Na ce ni ma ba haka nan za ni ba. Na ɗaura zanena na saƙi, na ɗebi gero rabin kwano a ƙwarya, na nemi leda, muka shiga mota a Kabo.

Ɗakin sanyi kamar randa. Mutum biyar a bayan dogon tebur, Dakta a gefe, jikata a tsaye ita kaɗai, layata a kan tebur cikin takarda kamar kayan sata. Babbansu wani dattijo ne mai farin gemu, harshensa na wajen Katsina. Da aka ce masa kakar yarinyar ce, ya taso ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi gida da shanu da hanya, ya sa aka ba ni kujera. Na ce to, yau da mutane zan yi magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na sa laya. Ku auna ta."

Aka kawo sikeli aka ɗora. Aka tambayi jikata rarar da ta bari, ta faɗa, suka duba takardunta suka ga haka ne. Layar ko kusa ba ta kai ba. Dakta ya gyara tabarau ya ce ba nauyin kaɗai ba ne, mai yiwuwa ta toshe wani abu. Sai na ba da labarin allon daga farko har ƙarshe. Ya ce bai san zancen ba, kuma bai kamata a tsaya sauraron wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.

Dattijon ya ce, "Hajiya, kina da shaida? Ko wani ya gani?"

Na ɗaga hannuna na dama. "Ga shi."

Wani a cikinsu ya ƙunshe dariya. Na ce masa, "Ɗana, miƙo min duk abin da ka ga dama a ɗakin nan." Ya miƙo wayarsa. Na jinjina ta sau biyu na mayar masa. Na riƙe leda, na ce wa ɗana ya riƙa zuba gero da hannu har sai na ce ya isa. Na ce ya isa, na tsame 'yan ƙwayoyi na mayar ƙwarya. Aka auna wayar, aka auna geron. Mai karanta sikelin ya sake dubawa, ya kira na kusa da shi ya duba. Dattijon ya ɗauko wani littafi mai kauri ya ce a sake. Aka sake. Ba wanda ya ƙara dariya.

Na ce, "Shekara arba'in ina curin man shanu ba sikeli. Abin da hannun nan ya ɗauka sau ɗaya ba ya mantawa. Yanzu zan auno muku allon."

Na rufe ido. Na tuna tawul ɗin, da yadda hannuna ya yi ƙasa har gwiwar hannu ta amsa. Ɗana yana zubawa, ina cewa ƙara, ƙara, har geron ya kusa ƙarewa. Na ce tsaya. Aka ɗora a sikeli, aka faɗi lamba da Turanci.

Ashe akwai wata 'yar na'ura a cikin rokar da take rubuta gudunta da iya inda ta kai, ita ba ta fashe ba, kuma tun ranar tana hannun makaranta, yarinyar ba ta ga abin da ta rubuta ba. Dattijon ya ɗauki takardar ya kife ta a kan tebur, ya ɗora hannu a kai. Ya ce wa jikata ta je allon bango. Ta fara lissafa musu da nauyin layar. Ta yi, ta ce da laya kaɗai da ta kai inda ake so. Ya ce to yanzu ta ƙara nauyin geron kakarta, ta gaya musu da wane gudu za ta bar ƙarfen, kuma ina za ta tsaya.

Ta daɗe tana rubutu. Ni ban ga komai ba sai tsutsotsi farare. Ta ja layi biyu, ta faɗi lamba biyu, ta ajiye alli. Dattijon ya buɗe takardar, ya duba, ya miƙa wa na damansa, shi ma ya miƙa gaba. Ta zaga su biyar, lambobin da ke ciki sun zo daidai da na jikata, sannan aka ajiye ta a gaban Dakta.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Wani ɗan allon girmamawa ne. Mutumin ya taimaka mana, ban ga yadda zan ce masa a'a ba. Ban ɗauka zai kai haka ba."

Na miƙe, zanena har yana kwancewa. "Ba ka iya ce wa Alhaji a'a ba, amma ka iya ɗaga layata a gaban garinmu! Ba ka ɗauka zai kai haka ba? Ni da ban shiga aji ba na gaya maka ya fi ƙwai biyu! Ka ga wadda ba ta da lasifika, ka ga yarinyar da ba za ta iya ɗaga maka murya ba, ka ce ga inda zan sauke!" Ɗana yana jan gefen mayafina, dattijon yana "Haƙuri, Hajiya, haƙuri." Na ce haƙurin ai shi na zo da shi tun daga Gammo, a nan ya ƙare.

Ba ta maimaita shekarar ba. A tasha, muna jiran mota ta cika, ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗora kai a kafaɗata kamar tana 'yar yaye. Ta ce, "Na ƙi yarda da ke, Inna, ki yafe min. Amma ko layar ce kaɗai, da sai ki gaya min. Duk abin da zai hau, sai mai awo ta sani." Na gyaɗa mata kai. Bayan kaka suka dawo saurar suka harba wata, ba rumfa ba lasifika. Ta tafi tsaye har ido ya rasa ta, akwatin ya sauko a hankali da lemarsa. An zaunar da ni can nesa, aka kuma sa wata ƙawarta ta zauna kusa da ni, wai tana taya ni hira. Na san hannuna take gadi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na daina sa wa mutum abu a kayansa ba da saninsa ba, ko da alheri ne, don shi ya san abin da bayansa zai iya. Na kuma daina yi wa tabarau shiru in hannuna ya gaya min wani abu. Amma abin da yake ci na har yau shi ne wannan: da lasifika aka kunyata ni a gaban gari uku, a ɗaki kuma aka wanke ni a gaban mutum biyar, ƙofa a rufe. An ce an ja wa Dakta kunne. A ina? Wa ya ji? Har gobe akwai masu kira na mai roka a kasuwa, ba su san ƙarshen labarin ba. Shi ya sa na ce a rubuta, a kuma tura wa duk wanda aka taɓa tura wa wancan hoton.

Malamin da ya rubuta layar ya rasu, Allah ya ji ƙansa, badukun ma ya bi shi. Dattijon nan mai farin gemu na ji bara ya cika, na sa an yi masa sadakar fura. Ƙaton mai tumbi hawan jini ya kwantar da shi, yana nan dai. Alhajin yana nan, an ce allon na rataye a falonsa da ɗan lanƙwasa a kusurwa, yana gaya wa baƙi zafin sama ne ya lanƙwasa shi. Jikata tana nan da 'ya'ya biyu, tana aiki inda ake haɗa irin waɗannan manyan, har yanzu awo take yi. Dakta ma yana nan, an ƙara masa girma, duk wata sai ya bi ta titin Gwarzo a motarsa. Ni ma ina nan, kunnena ras, ƙofata kuma ba ta da nisa da titi.